Asabar ɗin yara a gidan tarihi: yadda aikin ke tafiya a Bauchi

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka fara. Yaran da aka kawo ba su kai talatin ba, 'yan shekara huɗu zuwa takwas, yawancinsu daga Jahun, Nassarawo, Gwallaga da Yalwa. An ba mu rumfa a harabar gidan tarihi, muka share, muka shimfiɗa tabarmi. Mu uku ne ke riƙe da aikin: ni malamar firamare, sai jami'in gidan da ke karɓar 'yan makaranta, sai wata 'yar bautar ƙasa da ta karanci zane.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan aiki shi ne yadda ake kawo yara gidan tarihi. A jera su sahu, hannu a baya, ana ta "kar ka taɓa, kar ki taɓa", a zagaya da su cikin rabin sa'a a fito. Dokar daidai take, domin gumi da maiƙon hannu suna cin tsohon kaya a hankali. Amma yaro ɗan shekara biyar da hannu yake sanin abu. Saboda haka muka yanke cewa duk abin da za mu nuna musu a cikin akwatin gilas, sai an sami ɗan'uwansa a kan tabarma, wanda za su taɓa, su shinshina, su gwada yin irinsa.

Na tambaye su yaren da kakanninsu ke yi a gida. Aka sami Hausa, Fillanci, Sayanci, Jaranci, Geranci, Barbarci, Tangale, Yarabanci da Ibo. Duk a rumfa ɗaya, kuma duk da Hausa suke faɗa a kan fensir. Tsarinmu daga nan ya fito: mu fara da abin da ke gidajensu, mu shiga gidan maƙwabci, sannan mu tafi nesa. Kuma duk sana'ar da za mu koya, in da hali, mai ita ne zai zo ya zauna da su.

Asabar, 18 ga Janairu

Zanen dutse. Da yawa daga iyayen da suka rako yara ba su san jihar nan tana da zane-zanen dā a jikin duwatsu ba: akwai Dutsen Zane a Geji cikin ƙaramar hukumar Toro, akwai na Shira a ƙasar Katagum, dukkansu suna cikin wuraren tarihi da gwamnatin tarayya ta ba kariya. Mun nuna musu hotunan na Geji, shanu da namun daji da jan launi, muka tambaye su, wanda ya yi wannan ina ya sayo fenti? Suka yi shiru. Sai wani yaro ya ce ai babu kanti a lokacin.

Muka haɗa namu. Jar ƙasa, farar ƙasa, gawayi, kowanne aka daka shi a ƙaramin turmi, aka tankaɗe, aka kwaɓa da ruwan ƙaro da muka jiƙa tun jiya. Ƙaron ne ke sa launin ya kama, in babu shi da zarar ya bushe sai ya koma gari. Burushi kuma asuwaki ne, kowa ya tauna bakin nasa har ya yi laushi. Suka yi zane a kan falalen duwatsu ƙanana da takardar buhun siminti.

Hunturu ya taimaka, kafin a wanke hannu komai ya bushe. Dakan ya fi zanen daɗi a wurinsu, har layi suka yi wa taɓarya. Mako mai zuwa turmi biyu za mu kawo.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wannan ita ce ranar da ta fi tsaya mini a rai tun da muka fara. Mun gayyato wata dattijuwa Bafulatana da ke kawo nono da fura unguwarmu, ta zo da ƙorenta, har da waɗanda ba ta fita da su kasuwa, na jere, waɗanda aka kai ta ɗaki da su. Kafin ta zauna mun shiga da yaran ciki sun ga ƙorai a bayan gilas. Kallo ɗaya suka yi musu suka wuce.

A waje kuwa sai da muka roƙe su su ja baya. Inna ta nuna musu yadda ake kankare bayan ƙwarya, yadda ake sa bakin wuƙa a wuta a ja layi ya fito baƙi, da yadda ake shafa farar ƙasa cikin sassaƙa a goge sama, zanen ya fito fari. Wuƙa da wuta ita kaɗai ta riƙe. Yaran sakaina muka raba musu, da alli da gawayi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba aiki, ba ta yabon abin da bai yi ba. Ta ce wa wani, "Ɗana, layinka yana gudu, riƙe numfashinka ka ja." Ya sake, ya fi na farko.

Akwai wata yarinya 'yar shekara shida da ke ajina a makaranta, ban taɓa jin Fillanci a bakinta ba, ko ranar da na yi tambayar yare kai kawai ta sunkuyar. Inna ta dube ta, ta yi mata magana da Fillanci. Yarinyar ta amsa a hankali, sannan da ƙarfi, daga nan ita ta zama tafinta, tana gaya wa sauran abin da Inna ke nufi in Hausa ta ƙure mata. Na san abin da ke sa yaro ɓoye yarensa: tsokanar 'yan aji. Yau ta ga an shimfiɗa wa mai yarenta tabarma ta musamman, ana ce mata "sannu da zuwa, Inna", manya suna sauraronta.

Da za a tashi, yaran da kansu suka ce a mai da su ciki. Suka tsaya gaban ƙoran nan da suka wuce ɗazu, suna gardamar wanne aka yi da wuta, wanne da wuƙa.

Mun sallami Inna da kuɗin da ya wuce cinikin wuninta. Wannan ƙa'ida ce da ba za mu sassauta ba. Wanda ya bar sana'arsa ya zo koyarwa malami ne, a biya shi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Daga ƙwarya muka tsallaka Gana. Asante suna da zane da ake kira adinkra, ana buga masa alamomi da hatimi, hatimin kuma da guntun ƙwarya ake sassaƙa shi, tawadar daga ɓawon itace da ake dafawa har ya yi kauri. Garin Ntonso kusa da Kumasi ya yi suna da wannan aiki. Na zaɓe shi ne don sakainar da ke hannun yaran ita ce dai kayan aikin, kuma hanyar ba baƙuwa ba ce gare mu. Fataken Hausa sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, har yau akwai Hausawa a zangon Kumasi. Kakan wani yaro da ya rako shi ya ce mahaifinsa ya yi wannan fatauci, muka ce, "Baba, bismilla, zauna ka ba su." Ya ba su labarin ayari da jakuna da madugu, suka manta da hatimi na ɗan lokaci.

Kowace alamar adinkra magana ce. Mun nuna musu ta tsuntsun da ya waiwaya baya, wadda ake kira Sankofa, mai nufin a koma a ɗauko abin da aka bari. Waɗanda suka shafi ibadar mutanen ba mu buga su don ado ba, mun dai faɗa musu akwai su, kuma masu su na girmama su. Maimakon kwaikwayo, kowane yaro ya ƙirƙiri alamarsa ya faɗi abin da take cewa, 'yar bautar ƙasa ta yanka musu a soson tsohon silifa, don ƙwaryar ta yi wa ƙananan hannu santsi. Wata ta yi ludayi biyu, ta ce ma'anarsa a ci tare. Wani ya yi tsani, wai yayansa ya tafi jami'a.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ranar yumɓu. Kafin mu fara wani mahaifi ya ja ni gefe. Ya ce, "Malama, ba don na raina aikinku ba, amma na ji an ce za a sa yara gina mutum-mutumi. Ni ban yarda ɗana ya yi wannan ba." Na ce masa, "Alhaji, ka kyauta da ka faɗa mini ido da ido. Zauna ka ga abin da za mu yi." Ya zauna har ƙarshe.

Maganarsa ba ƙarama ba ce, kuma ba shi kaɗai ke da ita a zuciya ba. Duk mai son yin irin wannan aiki a garin nan sai ya fuskance ta da gaskiya. Ga matsayar da muka tsaya a kai, mu uku. Tarihi za mu faɗe shi yadda yake: a 1928 masu haƙar kuza suka fara tono kawunan yumɓu kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna, aikin mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma da irin waɗannan kaya aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Yaro ya san haka, ya ga hoto, ya san ƙasar nan ta daɗe da gwanaye. Amma abin da hannunsa zai gina, wannan da yardar iyayensa ne. Daga yau kowace Alhamis za mu aika wa iyaye ta WhatsApp abin da za a yi ranar Asabar, kuma kullum za a sami aiki iri biyu, kowa ya zaɓa, ba a tambayarsa dalili. Iyaye Kirista ma suna da abubuwan da ba sa so, wannan tsari ya rufe kowa. Ba na son yaro ya koma gida da abin da zai sa a ce masa kar ya ƙara zuwa.

Na ce duk mai naira ashirin a aljihu ya fito da ita. Muka juya bayanta, ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Bagwariya ce daga Kwali, a wajen 'yan'uwanta mata ta koyi gini tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, tukwanenta suka zagaya Turai da Amurka. Ta rasu a 1984. Yaran sun sha riƙe wannan kuɗi zuwa sayen alewa, ba wanda ya taɓa gaya musu wace ce.

Mai koyarwar yau wata tsohuwa ce mai ginin tukwane daga wani ƙauye a hanyar Das. Ta zo da yumɓunta, ta nuna musu dalilin da ake daka tsingaro a zuba a ciki: yana hana tukunya tsagewa wajen bushewa da gashi. Ta murza yumɓu kamar igiya, tana ɗorawa tana zagaya tukunyar da ƙafa, tana shafewa da ɗanyen ganye. Ado kuma da totuwar masara da murɗaɗɗiyar igiya take birgimawa a wuya. Yara suka yi kasko, asusu, 'yar tukunya. Biyu sun yi saniya, iyayensu na wurin, ba su hana ba. Ɗan Alhaji asusu ya gina, uban ne ya tsaga masa bakin da kwabo.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, zafi kuma ya fara, mun ba da hutu sai bayan Salla. Tukwanen sun bushe a inuwa, an kai wa tsohuwar ta gasa tare da nata. Wasu sun fashe a wuta, masu kaurin gindi. Ta ce a kawo wa masu su ɓaraguzan su gani, haka ita ma ta koya. Za mu yi yadda ta ce.

Ina amfani da hutun ina yanka alawayyo ƙyalle-ƙyalle, ina wanke sitacin kanti da ke jikinsa don ya sha rini.

Asabar, 5 ga Afrilu

Sun dawo da lallen Salla a hannu da labarin hawa a baki, don haka da lalle muka fara. Muka dubi hannayen juna: dungulmi irin na kakanni, zanen fulawa na zamani, da wanda ake yi da salatif. 'Yar bautar ƙasa ta nuna hotunan lallen Indiya, Sudan da Maroko, suka yi ta neman inda ya yi kama da nasu. Ganye ɗaya ne, hannu ne ya bambanta.

Na tsaya na yi wa iyaye mata magana a kan baƙin lalle na kanti. Yawancinsa ana haɗa shi da sinadarin rina gashi, yana ƙone fatar wasu yara har ya bar tabo. A rumfarmu jan lalle na ganye kaɗai za a yi, shi ma sai uwa ta yarda. Sauran kowa ya ɗora tafinsa a takarda, ya zagaye, ya yi ado a ciki.

Baƙuwarmu mahaifiyar ɗaya daga cikin yaran ce, Ibo, tana da shago a kasuwar Wunti. Da na fara tuntuɓarta kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ta ce ita ba ta taɓa yi ba, kakarta ce ta yi. Ta kira mahaifiyarta a waya, ta kwana biyu tana tambaya, ta zo mana da abin da ta samo. Ruwan 'ya'yan wani tsiro ne, in an zana ba ya fitowa sosai sai ya kwana, ya yi duhu, bayan kamar mako ya goge. Layukansa sirara ne masu lanƙwasa, ana barin fili da yawa. Ta zana a allon bango tana cewa, "Malama, yau ni ma ɗaliba ce." Ɗanta bai bar gefenta ba har aka tashi.

Yara maza manya suka ce wannan aikin mata ne. Ban yi gardama da su ba, na ba su aiki na biyu: zayyana, adon da ake yi wa allon sauka. Wani alaramma maƙwabcinmu ya ara mana allo ɗaya, ya kuma feƙe mana alƙaluman kara. A kwali muka yi, adon kawai, babu aya, don kwalin yaro ba a san inda zai faɗi ba. Kafin a tashi uku daga cikinsu sun koma wajen uli, mata biyu sun dawo zayyana.

Asabar, 12 ga Afrilu

Rini. Da farko na kicin: zoɓo, gangamau, ɓawon albasa. Suka ɗaure tsakuwa a ƙyalle da zare, suka tsoma, suka kwance. Launin ya yi kyau a take, amma na gaya musu gaskiya, zoɓo ba ya jure wanki, gangamau ba ya jure rana. Na bar ƙyalle biyu a kan katanga mu gani mako mai zuwa.

Sannan wani marini dattijo ya zo da 'yar randa ta baba da ya haɗa kwanaki kafin nan. Yara ba su sa hannu ba saboda tokar da ke ciki, shi ne mai tsomawa. Ya ɗaga ƙyallen farko ya fito kore-kore, wata ta ce, "Baba, ya ɓaci!" Ya ce, "Jira, jikata." Suna kallo iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi. Sai ihu. Ya tsoma ya ɗaga, ya tsoma ya ɗaga, kowane zagaye yana ƙara duhu. Ya ba su labarin marinar Ƙofar Mata a Kano, ya ce a garin nan ma da ƙuruciyarsa karofi ba abin nema ba ne.

Wata tela Bayarabiya ta kawo zannuwan adire na mahaifiyarta, irin na Abekuta. Ta nuna iri uku: na ɗauri, na ɗinki, da wanda ake zana wa kokon rogo da gashin kaza, inda kokon ya rufe rini ba ya shiga. Marini ya ɗauki na ɗaurin ya juya shi, ya ce su ma haka suke yi, sunan ne daban. Suka shiga hirar sana'a su biyu, sai da na tuna musu yara na jira. Gwajinmu na koko bai yi ba, ya narke a randa. Ta ce sai ya bushe ƙarau tukuna, kuma ba a cuɗa shi a ruwa. Mun shanya wasu, za mu sake.

Asabar, 26 ga Afrilu

Makon jiya babu aiki saboda Ista. Yau mun fita, muka kai su kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, firayim ministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966. Naira biyar muka riƙe wannan karon. Na gaya musu kafin siyasa malamin makaranta ne a garin nan.

Ginin kansa shi ne darasin. Ana bin wata doguwar hanya mai duhu, haske na shigowa kaɗan-kaɗan, har a fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe. Ƙananan sun riƙe mini zane a cikin duhun. An yi addu'a, kowa yadda aka koya masa a gida. Da muka koma rumfa aka raba baƙar takarda da alli, farar takarda da gawayi, kowa ya zana hanyar da ya bi. Babu wanda ya zana kabari. Duk hasken suka zana.

Ƙyallen katanga: gangamau ya kusa komawa fari, shunin marini na nan yadda yake.

Asabar, 3 ga Mayu

Bango. A Kafin Madaki, kan hanyar Ningi, akwai Gidan Madaki wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne magini ɗin da ya yi masallacin Juma'a na Zariya. Tun 1956 aka sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa. Mun nuna hotunan ɗaurin guga da zankwaye, da adon da magina ke yi a fuskar soro tun laka na ɗanye. Kusa da su muka ajiye hotunan gidajen Ndebele na Afirka ta Kudu, inda mata ne ke fentin bango, launi mai haske da baƙin layi ya zagaye shi. Na ba su labarin Esther Mahlangu, wadda ke zane da gashin kaza ba tare da ma'auni ba, wadda a 1991 kamfanin BMW ya ba ta mota ta yi mata irin adon gidansu. Maganar mota ta tashi yara maza tsaye.

Mun jingina babban katako biyu, muka shafe da farar ƙasa. Na haɗa su rukuni da gangan, ba aboki da aboki ba. Aka yi rigima a kan wa zai zana dagi a tsakiya, har da kuka. Ban raba musu ba, na ce ba za a buɗe fenti ba sai sun shirya. Suka shirya a kan dagi biyu. Katakon ya fito da dagi, da layukan Ndebele, da lanƙwasar uli, da tsanin yaron nan a kusurwa. Jami'in gidan ya tambaye ni ko wannan cakuɗa ba ta ɓata darasin ba. Na nuna wani sashe na tambayi wata 'yar shekara bakwai daga ina. Ta ce na maman wane ne, na Ibo. Na nuna wani, ta ce na ƙwaryar Inna. Matuƙar sun san mai abu, su haɗa.

Asabar, 10 ga Mayu

Hadari ya taso da iska, muka gudu baranda. Naɗin takarda irin na Japan muka yi, origami, takarda mai kusurwa huɗu daidai, ba almakashi ba gam. Ya yi wa 'yan shekara huɗu wuya, manyan sun yi kofi da kwale-kwale. Adiren koko na biyu ya fito.

Asabar, 17 ga Mayu

Gobe 18 ga wata ce Ranar Gidajen Tarihi ta Duniya, wadda ake yi tun 1977. Da yake ta faɗo Lahadi, wasu iyalan na coci, yau muka baje kolin aikin yaran. An ba mu lungu ɗaya a cikin zauren, ba a rumfa ba, kuma wannan ya yi wa yaran girma ƙwarai.

Takardar bayanin kowane aiki abu uku ta ƙunsa: sunan yaron, al'ummar da sana'ar ta fito, da wanda ya koyar. A ƙasa kuma maganar yaron da bakinsa, yadda ya faɗa. Tukwanen da suka fashe ma mun jera su, mai ɗaya ya sa a rubuta cewa gindin ne ya yi kauri. Inna, tsohuwa mai tukwane, marini, tela, mai shago da alaramma duk sun zo, muka sa musu kujeru a gaba. Yaran ne 'yan rakiya. Na ji wani yana yi wa kakarsa bayanin dalilin da shuni ke fitowa kore, da hannu da ƙafa. Alhaji ya zo da matarsa da ƙannen yaron biyu, ya ce a rubuta su a zango na gaba.

Wata uwa ta ce mini 'yarta ta hana a jefar da fasasshiyar ƙwarya a gida, wai kayan aiki ce. Wata kuma ta ce tun ranar rini ɗanta ke gaida telar nan in sun wuce shagonta, da can ko kallonta ba ya yi. Wannan ta biyun ita nake nema tun Janairu.

Asabar, 31 ga Mayu

Ba yara yau, zaman shiri muka yi. Babbar Salla na tafe, za mu koma bayanta.

Rumfar ba za ta iya da damina ba, muna neman a bar mana baranda dindindin ko mu sami tamfol. Kuɗin da iyaye ke haɗawa yana isar kayan aiki, amma sallamar masu koyarwa daga aljihunmu take fita, wannan ba zai ɗore ba. Za mu kai maganar taron iyaye a fili.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ba sa zuwa. Waɗanda ke rumfarmu 'ya'yan masu iya biyan Keke Napep ne zuwa da dawowa. Almajirai kan tsaya bakin ƙofa suna leƙe, haka 'yan talla. Alaramma ya ce in muka mai da wani zama ranar Alhamis, lokacin hutun tsangaya, zai turo ƙananan almajiransa, kuma zai yi wa wasu malamai biyu magana. Jami'in gidan zai nemi izini. Akwai kuma uwar da ta tambaya ko za a karɓi ɗanta kurma. Mun ce ta kawo shi, muna neman mai maganar hannu da zai riƙa zama da mu.

Zangon gaba saƙa ne: faifai da tabarmar kaba, sannan zane mai baƙi da fari na Tibi, in mun sami masaƙi. Daga Sayawa, Jarawa da Gerawa har yanzu ba mu kawo mai sana'a ko ɗaya da sunan al'ummarsa ba, alhali jikokinsu na zaune a gabanmu, wannan shi ne farkon abin da za a gyara. 'Yar bautar ƙasa za ta gama hidimarta kafin ƙarshen shekara, don haka ta fara koya wa wasu iyaye mata biyu haɗa launi da yankan hatimi. Ni kuma ranar Talata zan shiga motar Gombe, an yi mini kwatancen wata mata Batangaliya mai aikin tsakiya da ta ce za ta iya zuwa wata Asabar cikin Yuli in an ɗauke mata kuɗin mota.